Kiwon barewa da mariri: gidan zu ko gandun daji?

Duk mai cewa a rufe gidajen zu ya fara duba labarin mariri tukuna, wato dabbar nan ta yankin Sahara mai dogayen ƙahoni. A shekarar 2000 aka ayyana cewa babu sauran ko ɗaya a daji, waɗanda suka rage duk suna tsare ne a gidajen zu da wuraren kiwo, daga cikinsu aka kwaso wasu daga Abu Dhabi aka sake su a gandun Ouadi Rimé-Ouadi Achim na Chadi a 2016, yanzu haka suna ta haihuwa a can.

A zu akwai likita, ga abinci ga ruwa, kuma ana rubuta wa ya haifi wa saboda kar 'yan uwa su yi ta barbarar juna jinin ya lalace. Amma fa barewa dabba ce mai firgita, ƙara kaɗan sai ta zabura ta afka wa waya ta karya ƙafa ko wuya, sannan in ƙasan wurin da laushi kofato ya yi ta tsawo sai an kama ta an yanke, kamun kansa wahala ne gare ta, wallahi abin tausayi.

A gandun daji kam barewa ta samu fili da ciyawar da ta saba. Matsalarsa mafarauta masu babur da mota, ga fari, ga dabbobin makiyaya a wurin kiwo.

Ni dai gandun na fi so, in har za a biya masu gadi albashinsu kan lokaci a kuma haɗa kai da makiyayan yankin. Inda babu wannan, gara a bar su a zu su ƙara yawa tukuna.