Ɗinkin rauni a wani kilinik na Tudun Wada

Gaskiya kilinik ɗin nan na Tudun Wada Zariya sun iya ɗinki. Ƙanena ne langa-langa ya tsarge masa ƙwauri, nas ɗin ta wanke wajen tas, tai masa allurar kashe zafi sannan ta ɗinke da zaren nailan, yaro ko uffan bai ce ba sai kallon silin yake. An haɗa masa da allurar tetanus, akace kar ruwa ya taɓa wajen kwana 2, a dawo cire zare bayan sati 2 tunda ƙafa ce, na fuska ne ake cirewa wajen kwana 5. Matsalarsu kuɗi, kati daban bandeji daban, haba! Ga bencin jira ɗaya tal, ranar cire zare gara ka yi sammako.