GARGAƊI: Mai tallar hawan doki cikin giwaye a Botswana ɗan damfara ne

Jama'a assalamu alaikum. Naira miliyan 6 da dubu 570 wani maras tsoron Allah ya cinye mana, ni da Yayana da wani abokina, da sunan zai kai mu hawan doki a dajin Okabango na ƙasar Botswana. ₦6,570,000. Na so in haɗiye maganar nan don kunya, har Yaya ya ce in bar wa Allah, amma yau da safe na ga shafinsa ya dawo Instagram da sabon suna, hotunan nan dai su ne, bidiyon nan dai shi ne, ga mutanenmu a ƙasa suna tambayar "nawa ne mutum biyu?" Wallahi ba zan iya yin shiru ba.

Kafin wani ya zo yana ce min kwaɗayin araha ne ya ja ni, ko ban san duniya ba, ya tsaya ya karanta tukuna. Ni ɗan kasuwa ne, a Kantin Kwari na tashi, na daɗe ina tura kuɗi Dubai da Chaina ga mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba, kaya kuma suna zuwa. Na san yadda ake gwada mutum. Kuma na gwada wannan.

Gidanmu gidan doki ne. Tun ina yaro ake ɗora ni a sirdi, mun yi hawan Daushe, muna fita kilisa, Yaya kuma yana buga ƙwallon dawaki. Duk wanda ya san doki zai gane abin da ya ja mu. A mota za ka ga giwa, mun gani a Yankari, amma ƙarar inji da warin mai suna sanar da dabba cewa baƙo ya zo. A kan doki kuwa raƙumin dawa da jakin dawa ba sa ɗaukar ka a matsayin mutum, dabba suke gani mai ƙafa huɗu irinsu, sai su bari ka matso, wani lokaci har ku yi sukuwa tare. Okabango kuma ruwansa daga tsaunukan Angola yake gangarowa, yana isa can ne a tsakiyar raninsu wajen Yuni zuwa Agusta, sai fadamun su cika, dawakai su riƙa ratsa ruwa har ƙirji. Botswana ita ce ta fi kowace ƙasa yawan giwaye a duniya. Shi Okabangon kuwa hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, shi ne na 1,000 a jerin. Duk wannan gaskiya ne, abin yana nan, mutane suna zuwa. Shi ya sa damfarar ta ci, don da gaskiya ya lulluɓe ta.

Ga abin da ya hana ni barci. Mu huɗu ne da farko, har da Kawunmu. Da na kira mutumin nan, bai fara da maganar kuɗi ba. Cewa ya yi, "Alhaji, kafin mu je ko'ina, kowa ya faɗa min nauyinsa, kuma kowa ya faɗa min gaskiya ko ya iya sukuwa." Ya ce a can ba a koyon hawa, in giwa ta taso ko ɓauna ta fusata dole kowa ya iya sakin linzami ya fice ba tare da ya faɗo ba, kuma za a yi awa huɗu zuwa shida a kan sirdi kullum. Da na faɗa masa Kawu ya haura kilo 100, sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, ba zan karɓi kuɗin Baba ba. Sansanin ba sa ɗora wanda ya wuce kilo 95 a kan dokinsu. In na karɓa na cuce ku." In na karɓa na cuce ku! Da bakinsa ya faɗa. Mutum ga kuɗi a gabansa, sama da miliyan uku, ya ce ba ya so. Ku faɗa min, wane ne a cikinku zai ji wannan ya ce ɓarawo ne? Na ajiye wayar na dubi Yaya na ce, "Yaya, wannan mutumin kirki ne." Ni na faɗa. Kuma daga baya na bincika, dokar nauyin gaskiya ce, sansanonin hawan doki na can suna da iyaka wajen kilo 90 zuwa 95. Bai yi ƙarya a wannan ba. Ya bar kuɗin mutum ɗaya ne don ya kwashe na mutum uku.

Kai, kafin wannan ma, akwai maganar tsando. Duk mai doki ya san inda tsando yake doki ba ya rayuwa, sammore yake kashe shi. To na yi masa tambayar ne don in kama shi. Na ce ta yaya ake ajiye dawakai a fadama irin wannan? Ko numfashi bai ja ba ya ce gwamnatin Botswana ta yi feshi da jiragen sama a 2001 da 2002 ta kawar da tsando daga Okabango. Na je na duba, haka ne. Ya ce akwai jagora a gaba ɗauke da bindiga, wani a baya, kuma ba sa wuce mahaya takwas a ayari. Ya ce ba a cikin gandun Moremi na gwamnati ake hawan ba, a filayen da kamfanoni suka karɓi haya ne a gefensa. Ya ce kada mu zo da akwati mai tauri, jaka mai laushi kawai, don ƙaramin jirgi ne zai ɗauke mu daga garin Maun. Ya ce mu nemi katin rigakafin shawara mu ajiye. Wane ɗan damfara ne yake tuna maka da katin shawara? Yanzu na gane duk a shafukan sansanonin gaskiya ya haddace su, amma a lokacin ta ina zan sani?

Kuɗin ga yadda suka tafi. Ya ce mutum ɗaya ₦3,200,000 kwana biyar, ci da sha da doki da jagora, ban da tikitin babban jirgi. Mu uku ₦9,600,000. A ba da rabi a kama gurbi, don watan Yuli cika yake yi. Na tura ₦4,800,000 cikin asusu mai sunan kamfani. Miliyan huɗu da dubu ɗari takwas, a zama ɗaya, da babban yatsana. Ya turo takardar shaida mai tambarin sansanin, da sunayenmu, da lamba, har da sunayen dawakan da aka ware mana. Nawa wai akawali ne. Na nuna wa yarana hoton dokin.

Na san za a ce farashin ya yi araha. E, na lura, kuma na tambaya. Sansanonin can kuɗin dare ɗaya na mutum ɗaya ɗaruruwan daloli ne, a lokacin cika wasu har su haura dubu. Na ce masa ya aka yi naka ya sauko haka? Ya ce akwai farashin Turawa, akwai farashin 'yan Afirka. Kuma wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don wasu wuraren suna yi wa 'yan ƙasa da mazauna ƙasashen kudancin Afirka rangwame. Abin da bai faɗa ba shi ne Nijeriya ba ta cikin waɗannan ƙasashen. Amma mutumin da ya ƙi karɓar kuɗin Kawu, in ya ce maka akwai rangwame, me zai sa ka ce ƙarya yake?

Sai ₦420,000 na biza da inshora, dubu 140 kowa. A'a, na ƙaramin jirgin ne ya riga, ₦1,350,000, dubu 450 kowa, daga Maun zuwa sansani da dawowa. Shi ne ya kira ni da daddare bayan isha'i yana cewa kujeru uku suka rage, wasu Jamusawa suna nema, in ban tura kafin safe ba sai dai mu shiga mota ta kwana a hanya. A nan ne ya ba ni wani asusun daban mai sunan mutum, ya ce na kamfani ya cika iyakar abin da yake karɓa a wata. Mu 'yan kasuwa mun san ana samun irin wannan matsalar da banki, ni kaina ta taɓa samu na, don haka ban ga abin mamaki ba. Na bizar kuma asusu na uku ne, sunan mace, wai ita ce mai kai takardu Abuja. Ku haɗa: 4,800,000 da 1,350,000 da 420,000. Miliyan shida da dubu ɗari biyar da saba'in. Kowannenmu ₦2,190,000. Kuma duk ta hannuna suka bi, don ni na kawo maganar, ni na ce na yarda da shi.

Abin da ya fi ci min rai ke nan. Abokina kuɗin da ya tara ne don gyaran gida ya ciro. Bai ce min komai ba har yau, in mun haɗu a masallaci sai ya ce, "Haba, ƙaddara ce," ni kuwa in rasa inda zan sa fuskata. Yaya ya sayi sababbin takalman hawa da hular kwano. Kawu da aka ƙi karɓar kuɗinsa, wanda ya yi fushi a lokacin har ya daina amsa gaisuwata, shi kaɗai ya tsira.

Yadda asiri ya tonu, ba wani abin kirki ba ne. Matar Yaya ce ta ce a tambaya ko ana samun naman halal a sansanin. Na tambayi mutumin, ya ce zai bincika, shiru. Na sake, shiru. Sai na nemo lambar sansanin daga shafinsu na intanet na kira da kaina. Wata mata ta ɗauka, na karanta mata lambar da ke jikin takardarmu, ta ce lambobinsu ba haka suke ba. Na faɗi sunayenmu, ta ce babu. Na faɗi sunan kamfaninsa, ta ce ba su san shi ba, ba su da wakili mai wannan suna, kuma ba ni ne na fara kira daga Nijeriya da irin wannan takardar ba. Na faɗi sunan dokina, ta ce dokin nasu ne, hotonsa yana shafinsu kowa yana iya ɗauka. Ina tsaye a shago, sai da na nemi kujera.

Na kira shi nan take. Ya ɗauka fa! Ya ce, "Subhanallahi Alhaji, sabuwar ma'aikaciya ce, ba ni minti goma." Har ya turo min saƙon murya yana rantsuwa da Allah. Saƙon yana nan a wayata, zan sa shi ku ji muryarsa, Hausarsa tas, ba za ka ce ba ɗan gida ba ne. Daga wannan minti goman ban sake jin sa ba. Ya toshe ni a WhatsApp, ya toshe Yaya, shafin ya ɓace. Ofishin da ya ce yana da shi a Abuja, na tura yaro, shagon sayar da labule ne, kuma masu shagon sun ce an sha zuwa neman sa. Takardar bizar da ya turo mana kuwa, wanda ya san aikin yana kallo ɗaya ya ce ta bogi ce. Allah ya taimake mu ba mu riga mun sayi tikitin babban jirgi ba, don babu mai tashi kai tsaye daga nan zuwa Maun, muna cikin lissafin ta inda za mu bi ne abin ya fashe.

Har yanzu maganar nan tana dawo min, ko ina sallah. "In na karɓa na cuce ku." A zaune nake a tsakar gida, wayar a kan lasifika, Yaya yana ji, Kawu yana ji. Da ya roƙe ni in biya, da na yi shakka. Da ya ce kowa ya zo ko bai taɓa hawa doki ba, da na kashe wayar, don na san ƙarya ce. Ya san da mahaya yake magana, sai ya zo mana ta ƙofar da mahayi yake girmamawa, wato tausayin doki. Ban yarda cewa sakarci na yi ba. Mutum ne ya zauna ya yi nazarin irinmu.

Na kai ƙara, na ba da lambobin asusun uku da rasiɗai. Lauya ya ce kada in sa suna ko lambar asusu a fili sai bincike ya yi nisa, kuma sunan ma banza ne, tunda yau ga shi da wani. Amma hotunan hirarmu, da takardar bogin, da rasit na ₦4,800,000, da na ₦1,350,000, da na ₦420,000, duk zan sa su a ƙasa da zarar na rufe sunayen iyalina. Ku ba ni zuwa dare. Sabon shafin ma yanzu ya ƙara da tallar Masai Mara ta Kenya, wai hawan doki lokacin ƙaurar dabbobi, da bidiyon da ya nuna mana a matsayin Botswana.

In za ku je, ku kira sansanin da kanku da lambar da ke shafinsu, ku tambaya ko sun san wakilin, kafin ku tura ko sisi. Asusu mai sunan mutum, kada ku tura. Ku duba rajistar wakilin a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da NANTA, ƙungiyar kamfanonin shirya tafiye-tafiye ta Nijeriya. Biza ku nema da kanku.

Wanda kuma ya riga ya tura masa kuɗi, ya kira bankinsa yanzu, ba gobe ba, sannan ya yi min magana ta akwatin sirri mu haɗa takardunmu mu kai EFCC tare. Matar sansanin ta ce ba ni kaɗai ba ne, don haka na san kuna nan kuna jin kunya kamar yadda na ji. Ku fito. ₦6,570,000 namu, ban yafe ba, Yaya ya yafe nasa ni ban yafe ba, Allah ya isa.