Hattara da mai tallar "tsohon zanen Ingila"

Jama'a don Allah a yi hattara, musamman 'yan uwa mazauna Ingila da masu son ƙawata falo. Akwai wani da ke yawo a shafukan saye da sayarwa yana tallar zanen kurmi na fentin ruwa, bishiyoyi ga ɗan rafi ga siririyar hanya ta ratsa, abin gwanin sha'awa, wai aikin Birket Foster ne ya gada wajen kakarsa, zai tashi daga gida shi ya sa zai karyar, amma sai ka tura rabin kuɗi kafin ka gani da ido. Wallahi damfara ce.

Shi Birket Foster, shahararren mai zanen fentin ruwa ɗan Ingila, ya rasu tun 1899, kuma sa hannunsa haruffa biyu ne kacal, B da F a haɗe, wa zai kasa kwaikwaya? Abin da mutumin nan ke aikowa bugun inji ne aka jiƙa takardar da ruwan shayi ta yi kamar ta tsufa aka sa a tsohon firem.

In ka samu ka riƙe a hannu, ɗora gilashin ƙara girma. Bugun inji za ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo a jere, shi kuwa fentin ruwa na gaske launin ya nutse cikin takarda, bakin inda ruwan ya bushe ya ɗan fi duhu, sau tari ma kana hango layin fensir a ƙarƙashi. Sannan haska tocilan ɗin nan da ake duba jabun kuɗi, takardar zamani takan yi ƙyallin shuɗi saboda sinadarin da aka fara sa mata wajen shekarun 1950. Ka ce mai tallar ya cire daga firem ku ga baya, nan zai fara kame-kame.

Kada kuma tambarin J Whatman, wato tsohon kamfanin yin takarda na Ingila, a jikin takarda ya ruɗe ka, ƙwararrun 'yan jabu tsohuwar takarda suke nema su yi zane a kai. Wani ɗan jabu, Tom Keating, ya daɗe yana zuba wa dillalan Landan jabun aikin mai zane Samuel Palmer kafin asirinsa ya tonu a 1976, masana ke nan fa, balle ni da kai da hoto a waya.

Gidajen gwanjo irin Bonhams da Christie's suna kimanta zane kyauta in ka tura musu hotuna. Ka ce masa a tura can tukuna kafin ka biya ko sisi, in bai toshe lambarka ba ka zo ka ba ni labari.