Sabar gida ta tsufa: wace na'ura za ta gaje ta?

Ranar da na kwance murfin tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburina a nan Jidda, abin da na tarar a bakin fanka kamar audugar katifa ne: ƙura ta haɗu da danshin teku ta dunƙule. Shekara tara tana aiki biyu, ita ce saba, wato ma'ajiyar hotunan iyali da lissafin shago, ita ce kuma katangar tsaro tsakanin gidan da intanet. Ƙurar ba ta dame ni ba kamar yadda na lura an daɗe da daina fitar mata da sabon BIOS, wato manhajar da ke tada kwamfuta idan an kunna ta. Duk ɓarakar da aka gano a cikinta daga baya tana nan a buɗe.

Kafin maganar kuɗi, raba aikin. Taura biyu ba sa taunuwa. Mai gadi daban, ma'aji daban, domin wanda ya karya ƙofa kada ya tarar da akwati a bayanta.

A wajen katanga, abin da ya cika kasuwa yanzu shi ne ƙananan akwatunan nan marasa fanka masu ƙwaƙwalwar Intel N100, wanda ya fito a 2023. Wutar da yake ci kaɗan ce, wat 6 aka rubuta masa, kuma galibi sukan zo da kafar wayar intanet huɗu ta Intel i226 mai gudun gigabit 2.5. Manhajojin katanga OPNsense da pfSense duk a kan babbar manhajar FreeBSD aka gina su, kuma sun fi jituwa da katin Intel, don haka nan ba matsala. Matsalar ita ce da yawan akwatunan ba su da uban gida. Ka saya yau, bayan shekara ka nemi gyaran BIOS ka rasa ko shafin da za ka duba. Araha ba ta ado.

Masu tsada su ne Protectli, wanda a wasu samfuransa za ka iya zaɓar coreboot, manhajar tada na'ura da kowa ke iya bincika cikinta. Sai Netgate masu pfSense, da Deciso na ƙasar Holan masu OPNsense. Ka lissafa kuɗin aikowa da harajin kashi 15 cikin 100 tun kafin ka danna saye. Ni wajen masu tsadar na karkata, domin abin da nake biya shi ne a samu wanda zai ci gaba da toshe ɓaraka.

Akwatin APU2 na kamfanin PC Engines ya yi zamani, amma tun 2023 aka sanar da ƙarshensa. Raspberry Pi 5 kuwa, ƙaramar kwamfutar nan, kafar waya ɗaya gare shi, a bar shi ga wani aikin.

Saba ita ce inda na hannu ke da riba. A Haraj, kasuwar intanet ta Saudiyya, ba a rasa kwamfutocin ThinkCentre ko OptiPlex da ofisoshi suka sallama. Nemi mai ƙwaƙwalwar Intel zubi na 8 zuwa sama. Idan kun haɗu da mai kayan, ka ce, "Malam, kunna mu shiga BIOS," ka tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba. Faifan da ke ciki kada ka amince masa, sa sababbi guda biyu, TrueNAS, manhajar ma'ajiya, ya riƙa rubuta abu ɗaya a kan kowanne da tsarin ajiyar bayanai na ZFS. Nawa faifan na uku, mai kwafin bayanan, yana gidan Yaya a Makka, duk zuwa Umara ina musanya shi.

Sai zafi, wanda masu ƙera kayan nan a Turai ba su san irinsa ba. Akwati marar fanka jikinsa ne ke fitar da zafin, don haka kada a kulle shi a kabad. Ka tuna da watan da za ku tafi gida hutu, na'urar sanyaya ɗaki a kashe. Wutarmu a nan 60Hz ce, duba cajar ka ga an rubuta 50/60, sannan ka haɗa da ƙaramin UPS, batirin da ke riƙe na'ura idan an ɗauke wuta. Nawa akwatin yana kan kanta a falo, nesa da taga, da tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango.