jq: ɗan kayan aikin da 'yan gayya suka tashe shi daga barci

Ni ne mai riƙe da bayanan ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a Argungu. Idan noman rani ya kama, yara huɗu ne ke shiga fadama da wayoyinsu, suna cike fom a KoboCollect, manhajar tattara bayanai ta waya: sunan manomi, ƙauyensa, faɗin gonarsa, buhun taki nawa ya karɓa, da lambar rasit. Da dare sai ni in sauke komai a JSON, wani tsarin ajiye bayanai a fayil, wanda idan ka buɗe shi ba za ka ga komai ba sai baka-baka da waƙafi sun cakuɗe kamar zaren da kaza ta shiga. Shekara huɗu ke nan jq, wani ɗan kayan aikin kwamfuta na tace bayanan JSON, nake sa wa ya warware min wannan zaren.

Ba shi da maɓallin dannawa ko hoto. A baƙin allon nan na rubuta umarni yake aiki. Fayil ɗaya ne tak, ba ya neman a girka masa wani abu, kyauta ne, kuma duk wanda ya iya zai iya duba cikinsa ya gyara. Yana kan kwamfutata, yana kuma kan wayata ta cikin Termux, manhajar da ke ba waya irin wannan baƙin allon, don ranar da aka ɗauke wuta batir ya mutu ba na tsayawa. Da umarnin select nake tsamo mutanen ƙauye guda, da group_by nake tara su kashi-kashi, sannan @csv ya miƙa min abin da Excel zai buɗe. Wata rana sakatarenmu ya tsaya a kaina yana son sanin waɗanda suka karɓi taki sau biyu. Kafin ya gama gyara hularsa sunaye sun fito. Ya leƙo ya ce, "Yaro, wannan baƙin allon naka ya fi littafina gani." Na ce, "Baba, littafinka ne ya koya min abin da zan tambaye shi."

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne mutanen da ke bayansa. Stephen Dolan ne ya fara fitar da jq a 2012, da harshen rubuta manhaja na C. Fitowa ta 1.6 ta zo a 2018, daga nan kuma shiru. Shekara kusan biyar ba sabuwar fitowa, alhali mutane na ta kai rahoton matsala, wasu har sun rubuto gyaran sun ajiye a GitHub, shafin da ake ajiye aikin, yana jiran wanda zai karɓa. A lokacin nan ne na fara amfani da shi, kuma na ɗanɗani ɗaya daga cikin matsalolin. Lambobin rasit ɗinmu dogaye ne, lamba 18, kuma a matsayin adadi suke a fayil ɗinmu. Ita 1.6 duk adadin da ya wuce kimanin lamba 16 sai ta daidaita wutsiyarsa, ƙarshen ya canza. Na kwana biyu ina zargin yaran da sakaci, har na yi wa ɗaya faɗa, kafin na gane daga ina abin yake. Na kira shi na ba shi haƙuri, har yau abin na damuna.

A 2023 wasu daga cikin masu amfani da shi suka karɓi riƙon aikin, aka mayar da shi ƙarƙashin ƙungiyarsu ta GitHub mai suna jqlang, a watan Satumba 1.7 ta fito. Na sauke ta, na zuba mata tsohon fayil ɗin nan da na adana. Lambobin suka fito cif, ba wadda ta canza, muddin ba lissafi ka yi da su ba. Sun ƙara pick, mai ɗauko maka filayen da kake so kawai ya bar su a tsarinsu. Sun yarda a rubuta sharaɗin if (idan) ba tare da else (in ba haka ba) ba. Nauyin tashin da 1.6 ke da shi ma an rage, abin da ke da amfani sosai ga mai kiran sa sau ɗaruruwa a jere a kan tsohuwar kwamfuta irin tawa. A Disambar shekarar suka sake fitar da 1.7.1 don toshe ɓarakar tsaro. Mu da muka san gayyar yashe magudanar ruwa kafin dashe mun san wannan: wani ya zo da shebur, wani da kwando, wani nuna inda ya toshe kawai ya yi, kuma ruwan ya isa har gonar wanda bai zo ba. Gonata na cikin waɗanda ruwan ya isa.

Yana da wahalarsa, ba zan ɓoye ba. Littafin bayaninsa da Turanci yake, mai nauyi, wanda aka rubuta don waɗanda suka riga suka san harkar. Idan ka yi kuskure, saƙon da zai ba ka gajere ne, wani lokaci sai ka daɗe kana neman baka ɗaya da ka manta. A Windows kuma alamun zance na ba da ciwon kai, umarnin da ya yi aiki a Linux sai ya ƙi. Maganin da na samu shi ne in rubuta umarnin a fayil in kira shi da -f. Wanda bayanansa ba su wuce layi hamsin ba, ya tsaya a Excel ɗinsa.

Ban iya C ba, don haka ban taɓa tura gyara ko layi ɗaya ba. Abin da na iya shi ne na rubuta umarni goma sha biyu da na fi amfani da su, kowanne da bayaninsa da Hausa da misali daga fom ɗinmu, na buga a takarda biyu. Yaron da na yi wa faɗa na fara ba wa. Yanzu ranar da na tafi Birnin Kebbi, shi ke fitar wa sakatare jerin masu taki daga wayarsa.