Wane Tsarin Lissafin Malalar Ruwan Sama Ya Dace da Aikinka?

Kafin ka sauke kowace manhaja, ka fara sanin yadda ruwa ke malala a yankin da kake nazari. Ko dai ya sauko kamar da bakin ƙwarya har ƙasa ta kasa shanye shi, kamar yadda Robert Horton ya bayyana a 1933, ko kuma ƙasar ta riga ta ƙoshi, irin na fadama, yayyafi ma sai ya gangara. Zaɓinka ya dogara ne a kan wannan.

Mafi sauƙi shi ne tsarin bokiti na Syukuro Manabe, na 1969. Ya ɗauki ƙasa tamkar bokiti mai cin ruwa santimita 15, sai ya cika sannan ruwa ya zuba. Yana da amfani wajen koyarwa, amma bai san tudu da kwari ba.

TOPMODEL, wanda Beven da Kirkby suka fitar a 1979, yana duba gangaren ƙasa ya gano inda ruwa zai taru. A yanki mai tuddai da damshi yana aiki sosai, in dai kana da taswirar tsayin ƙasa mai kyau. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa busasshiya kuwa, inda ƙarfin saukar ruwa ne ke haddasa malala, yakan yi kuskure. Manhajar CLM, ta cibiyar binciken yanayi ta NCAR a Amurka, tana amfani da sauƙaƙƙen nau'in TOPMODEL.

Tsarin VIC, na 1994, ya ɗauka cewa a cikin akwatin taswira guda (wato ɗaya daga cikin murabba'an da manhaja ke raba yanki zuwa gare su) wani wuri ya fi wani shan ruwa. Ya dace da manyan koguna, sai dai dole ka daidaita ma'aunansa da bayanan kwararar kogi na gaske, in ba haka ba sakamakon zato ne kawai.

Wanda bai yanke shawara ba, manhajojin Noah-MP da JULES suna ba da damar sauya tsarin malala a gwada.

Matsalar da ta fi cin mutane ita ce girman akwatin. Idan faɗinsa kilomita 100 ne, ruwa mai ƙarfi da ya sauka a kusurwa ɗaya za a raba shi ko'ina ya koma yayyafi, ƙasa ta shanye, ambaliya ta ɓace daga lissafin. Ban da wannan, ka nemi bayanan ruwa na awa-awa, kuma ka bar manhajar ta yi zagayen shekaru da dama har damshin ƙasa ya daidaita kafin ka fara karɓar sakamako.