Sineu ko Sóller: Wanne Ya Fi Dacewa da Mai Son Ganin Manoman Mayorka?

Malam, ka ce taro zai kai ka Palma, babban birnin tsibirin Mayorka na ƙasar Sifaniya da ke cikin Bahar Rum, kuma rana ɗaya tak za ta rage maka, wadda kake so ka wuni a garin manoma na gargajiya maimakon bakin teku. An ambata maka Sineu da Sóller, ka rasa wanda za ka ɗauka. Amsata ita ce, idan ranar ta faɗo Laraba ka tafi Sineu da sassafe, idan kuwa wata rana ce daban ka nufi Sóller, amma da sharaɗin ba za ka tsaya a tsakiyar gari ba. Dalilin wannan rabon yana cikin irin noman da kowannensu ya ginu a kai.

Sineu yana tsakiyar tsibirin, a shimfiɗaɗɗen yankin da mutanen wurin ke kira Es Pla, kimanin kilomita 30 daga Palma, kuma mazaunansa ba su wuce dubu huɗu da wani abu ba. Noman yankin na jiran ruwan sama ne: alkama da sha'ir, itatuwan ɓaure da na almon mai 'ya'ya irin na gyaɗa, da wani itace da ake kira karob mai baƙaƙen kwansuna masu zaƙi waɗanda za su tuna maka da ɗorawa, sai tumaki da ke kiwo a ƙarƙashin itatuwan. Bambancin da zai ba ka mamaki shi ne ruwansu yana sauka ne a lokacin sanyi, musamman daga Oktoba, saboda haka gonakin suna kore shar a Fabrairu da Maris, su bushe ƙayau a Yuli da Agusta. Sóller kuwa, wanda masu garin ke furtawa kusa da "Solya", yana arewa maso yamma, cikin wani kwari da duwatsun Serra de Tramuntana suka kewaye, ya kuma ninka Sineu yawan jama'a kusan sau uku. Nomansa na ban-ruwa ne: lambunan lemun zaƙi da lemun tsami a gindin kwarin, zaitun a jikin tsaunuka. Wato ɗaya garin hatsi ne da dabbobi, ɗayan garin lambu.

Abin da ya ɗaukaka Sineu shi ne kasuwarsa. Sarki Jaume na biyu ne ya ba garin izinin cin kasuwar mako a shekarar 1306, kuma har yau ranar Laraba take ci. Wannan sarkin ya gina fada a garin a 1309, wadda daga baya, a 1583, aka miƙa wa wata ƙungiyar mata masu hidimar coci. Dalili ke nan da ya sa ƙaramin gari irin wannan yake da manyan gine-ginen dutse da suka fi ƙarfinsa. Duk wanda ya saba da kasuwar ƙauye ba zai ji baƙunta ba. Idan ka isa filin da ake kira Plaça des Fossar wajen ƙarfe takwas, za ka tarar ana sauke kejin kaji da agwagi da tantabaru da zomaye daga bayan ƙananan motoci, ga 'yan raguna a cikin shingen ƙarfe, ga dattawa sanye da hular hana-sallah sun harɗe hannu a baya suna zagaya dabba suna dubanta ba tare da sun nuna sha'awa a fuska ba, daidai yadda mai saye yake yi a kara don kada dillali ya tsauwala. Daga nan kasuwar ta bi tituna ta haura zuwa dandalin coci, inda ake sayar da kayan lambu, da zaitun da aka jiƙa, da zuma, da cuku, da busasshen ɓaure, da igiyoyin wani ƙaramin tumatir da ake ratayewa ya daɗe bai lalace ba.

Sai dai kada in yi maka kwalliyar da ta wuce gaskiya. Ɓangaren dabbobin ƙarami ne ƙwarai, idan ka auna shi da karar Maigatari ko ta Potiskum dariya za ka yi, kuma daga ƙarfe goma manyan motocin 'yan yawon buɗe ido suke fara sauke mutane, titunan su cika da masu sayar da jakunkuna da tufafi da tsarabar da babu ruwanta da noma. Kafin ƙarfe biyu an watse. Shi ya sa na ce da sassafe: awa biyun farko su ne na manoma. A sauran ranakun mako kuma Sineu gari ne shiru, tagogi a rufe, wanda za ka gama zagayawa cikin awa ɗaya da rabi. Yana da daɗin zama ga mai kwanaki, amma bai cancanci ranar mutum guda ɗaya tilo ba. In ban da Laraba, ɗaya daga cikin ranakun da garin yake cika ita ce Lahadin farko ta watan Mayu, lokacin babban baje-kolin noma da dabbobi da suke kira Sa Fira, wanda asalinsa ya koma shekarar 1318.

Sóller bai dogara da ranar kasuwa ba, ko da yake yana da tasa ranar Asabar, domin abin kallonsa aikin da aka yi wa ƙasa ne, kuma wannan yana nan kullum. A nan ne nake ganin ya fi Sineu nesa ba kusa ba. Jikin tsaunukan an yanka shi hawa-hawa, kowane hawa an tokare shi da katangar duwatsu da aka jera babu siminti babu laka, ta yadda ruwan sama zai tsiyaye ta tsakaninsu ƙasa kuma ta zauna. A kan waɗannan hawa ne tsofaffin itatuwan zaitun suke, waɗansu gindinsu ya murɗe ya tsage kamar an sassaƙa. Ruwan maɓuɓɓuga kuma an kama shi tun daga sama, ana gangaro da shi ta ƙananan magudanai zuwa tankunan dutse, daga nan a rarraba wa lambuna bi da bi. Saboda wannan haɗin na katanga da ruwa da itace ne hukumar UNESCO ta sanya yankin Serra de Tramuntana cikin jerin kayan tarihin duniya a 2011.

Wanda ya yi karatun Larabci zai ji kunnensa ya motsa a wannan kwari. Musulmi sun mulki Mayorka daga shekarar 902 har zuwa 1229, lokacin da Sarki Jaume na ɗaya na Aragon, wata masarautar Kiristoci a Sifaniya, ya ci birnin da ake kira Madina Mayurqa, wato Palma ta yau. Mulkin ya tafi, kalmomin ban-ruwa suka tsaya: magudanar ruwa sunanta síquia, daga saƙiya, tankin tara ruwa safareig, daga sahrij, na'urar ɗebo ruwa daga rijiya da dabba ke juyawa kuma sínia, daga saniya. Sunayen ƙauyuka da dama da suka fara da Bini, kamar Biniaraix da ke gefen Sóller, daga Bani suka samo asali. Idan ka fita daga dandalin garin ka kama hanyar Biniaraix, tafiyar da ba ta fi rabin awa ba a ƙafa, za ka ji ƙarar ruwa yana gudu a gefen hanya kafin ka gan shi, rassan lemo sun leƙo ta saman katanga, wani lokaci ka ga kwandon lemo a ƙofar gida da ɗan akwatin jefa kuɗi, babu mai tsaro. Daga ƙauyen akwai tsohuwar hanyar dutse mai matakala da ta haura cikin kwazazzabo, wadda manoma suka riƙa bi da alfadarai zuwa gonakin zaitun. Ba sai ka kai ƙarshenta ba, hawan minti ashirin ya isa ka juyo ka ga kwarin gaba ɗaya. Mai sauran ƙarfi zai iya zarcewa Fornalutx, wani ƙauyen da ke kusa.

Tarihin lemon ma ya bayyana dalilin da ya sa garin bai yi kama da ƙauye ba. Duwatsu sun raba Sóller da Palma, saboda haka ya fi wa manomansa sauƙi su loda lemo a jirgin ruwa zuwa kudancin Faransa da su haura da shi tsauni. A shekarun 1860 wata cuta ta halaka lambunan, mutane da yawa suka yi ƙaura zuwa Faransa da Puerto Rico neman arziki, waɗanda suka samu kuma suka dawo suka gina manyan gidaje masu ado. Gaban cocin Sant Bartomeu da ginin bankin da ke gefensa aikin Joan Rubió ne, almajirin shahararren mai zanen gine-ginen nan Gaudí. Da kuɗin mutanen garin aka shimfiɗa layin dogo zuwa Palma, aka buɗe shi a 1912, kuma a 1913 aka ƙara ƙaramin jirgin cikin gari da ke kai mutane tashar jiragen ruwa, mai nisan kusan kilomita 5. Ƙungiyar manoman garin ta Sant Bartomeu, wadda aka kafa a 1899, tana nan tana matsar man zaitun tana sayar da amfanin gonar 'ya'yanta, kuma a ganina can ya fi dacewa ka sayi tsaraba.

Aibin Sóller shi ne cunkoso. Daga Afrilu zuwa Oktoba, da zarar jirgin safe ya sauke fasinja, dandalin garin yakan cika maƙil, farashin abinci da na masauki kuma ya fi na Sineu sosai. Wanda ya zauna a dandalin ya sha ruwan lemo ya koma, bai ga manomi ko ɗaya ba.

Ta fuskar zuwa, duka biyun suna da sauƙi daga dandalin Plaça d'Espanya na Palma. Jirgin ƙasa na zamani mai zuwa garin Manacor yana bi ta garin Inca ya tsaya a Sineu, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, kuɗinsa kaɗan ne. Na Sóller tsohon jirgi ne mai taragun katako, yana cin kilomita 27 cikin kusan awa ɗaya, yana ratsa ramuka 13 da aka huda cikin dutse. Kallo ne a karan kansa, amma kuɗinsa na 'yan yawon buɗe ido ne. Motar bas da ke bi ta ramin titin da aka buɗe a 1997 ta fi shi sauri da araha, don haka shawarata ka tafi a jirgin ka dawo a bas. Kada ka yi ƙoƙarin haɗa garuruwan biyu a rana ɗaya, domin babu layin dogo tsakaninsu sai ka koma ta Palma, kuma ƙarshenta a kan hanya za ka wuni.

Maganar abinci tana buƙatar kulawa, musamman a Sineu, inda kiwon baƙin alade yake cikin ginshiƙan noman yankin. Har a kasuwar za ka ga 'ya'yan aladu a gefen raguna. Jan naman da ake ratayewa mai suna sobrassada na alade ne. Naɗaɗɗen burodin nan mai sukari a kai, ensaïmada, wanda kowane baƙo ke saye a kwali, da kitsen alade ake kwaɓa shi, sunansa ma daga kalmar kitsen ya fito, kuma kitsen yakan shiga waɗansu kayan fulawar daban, don haka ka riƙa tambaya. Gidajen abincin gargajiya na Sineu, da ake kira celler, tsofaffin ɗakunan ajiyar giyar inabi ne, kuma soyayyen kayan ciki da suka shahara da shi wani lokaci na rago ne, wani lokaci na alade. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne tumbet, wato dankalin turawa da gauta da tattasai da aka soya aka zuba musu miyar tumatir, ko burodi da tumatir da man zaitun idan ka ce a sa maka cuku a madadin nama. A nan Sóller ya fi sauƙi, tun da akwai kifi a bakin ruwansa. Masallatai da mahauta na halal kuwa a Palma da Inca za ka fi samunsu, inda 'yan Maroko da sauran baƙi Musulmi suke da yawa, saboda haka ka tsara sallolinka da wannan a zuciya.

Ba ka faɗi watan tafiyar ba, alhali yana iya sauya lissafin. Daga ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu itatuwan almon suna fure fari da ruwan hoda a duk faɗin Es Pla, ko da yake wata cutar itatuwa mai suna Xylella da aka gano a tsibirin a 2016 ta kashe da yawa daga cikinsu, za ka ga busassu a tsaye a gefen layin dogo. A wannan lokacin ne kuma lemon Sóller yake nuna, baƙi sun ragu, sai dai ka riƙe rigar sanyi mai kauri. Idan tafiyar ta faɗo mako na biyu na Mayu, ka sani a ranar Litinin da ke bin Lahadi ta biyu Sóller yana bikin Es Firó, inda ake kwaikwayon harin da mahara daga Aljeriya suka kai wa garin ta teku a 1561, da harbe-harben bindigogin gargajiya da shigar da suke cewa ta Larabawa ce. Ranar babu maganar ganin lambu, kuma wataƙila abin ba zai yi maka daɗin kallo ba. Saboda cutar nan ta itatuwa an taƙaita fitar da tsirrai masu rai daga tsibirin, don haka ko ka ga dashen lemo ko na zaitun ya burge ka a kasuwa, ka bar shi a wurin ka sayi kwalbar man zaitun, ka kuma sa ta cikin babbar jakar da za a auna a filin jirgin sama, ba ta hannu ba.